Gafakar Kawu Ta Tafi Kucheri

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, baduku a Kwatarkwashi, ya rasu cikin daminar da ta wuce, ana tsakiyar noman maimai. Bai yi doguwar jinya ba. Zazzaɓi ne na kwana biyar.

Ban samu jana'iza ba. Ban samu addu'ar uku ba ma. Ni direba ne, layin Gusau zuwa Funtuwa nake bi. Ina Funtuwa cikin layin mai, motata tsaye kwana uku, saƙon rasuwar kuwa yana tashar Gusau yana jirana. Da na samu mai na ɗebo fasinja, na wuce Kwatarkwashi da gudu kamar kullum, ban san wanda ya rene ni yana cikin ƙasa tun shekaranjiya ba. Sai da na sauke mutane aka gaya mini. Na juyo.

Na iske an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, har ƙarƙashin rumfar da yake aiki. Na yi gaisuwa, na zauna, na saurari abin da ake faɗa.

Wani ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri. Aka ce haka ne. Ba haka ba ne. Kawu ba shi da haƙuri ko kaɗan, kuma duk wanda ke kan tabarmar nan ya sani. Wani tsohon maharbi ya ciro kuben wuƙarsa ya nuna wa mutane, ya ce Kawu ya ɗinka masa tun kafin ya yi aure, har yau zare ɗaya bai saki ba. Wannan gaskiya ce. Wani ya ce ba ya fashin jam'i. Ita ma gaskiya ce. Wani mahauci ya ce yanzu ba shi da wanda zai yi faɗa da shi a kan fata. Ya fara dariya, sai ta koma masa kuka, ya rufe fuska da hula. Shi na fi yarda da shi.

Na daɗe zaune ina jiran wani ya ambaci karatu. Babu wanda ya ambata. Akwai magidanta fiye da goma a wurin, wasu har da furfura, waɗanda na sani suna yara zaune a ƙasa, baki buɗe, ƙarƙashin wannan rumfar. Sai da na shiga cikin gida gaida Inna, matar Kawu, na ji babbar ɗiyarsa da ke aure 'Yankuzo tana cewa, "Shi ke nan, babu mai yi muna muryar kura." Mata suka ce ta yi shiru, ba lokacin wasa ba ne. Ba wasa take yi ba.

Shi ya sa na ce a rubuta wannan. Ni ban yi makaranta ba. Ina faɗa, ɗiyata ta fari tana rubutawa.

Ina shekara shida uwata ta rasu, ubana ya bi ta kafin shekara ta zagayo. Kawu ya zo ya ɗauke ni a bayan keke. Da muka isa ya nuna mini 'ya'yansa ya ce, "Ga abokan faɗanka." Ya nuna mini kwanon da zan riƙa cin tuwo. Ta'aziyyar da ya yi mini ke nan, kuma ta ishe ni.

Dukanci ne sana'arsa: kube, takalmi, layu, da gafaka, jakar fatar nan da malamai ke sa littattafansu. Ya yi ajin yaƙi da jahilci tun zamanin En'e, shi kaɗai ya iya karatun boko a unguwar dukawa. Yana da littattafan labari guda uku da ya saya a Gusau tun ban zo duniya ba. Ban taɓa ganin bangonsu ba. Kafin in zo gidan, ƙarfen da ya maƙale su ya yi tsatsa ya ci takarda, gara kuma ta taɓa gefe. Sai ya zare ƙarfen, ya sa wuƙar aikinsa ya datse duk inda ya lalace, sama da ƙasa, har da lambar shafi. Suka koma falle-falle kamar littafin malamai. Ya zaɓi jar fata mafi kyau da ta taɓa shiga hannunsa ya ɗinka musu gafaka. Malamai sun sha taya ta. Ya ce ba ta sayarwa ba ce. A bangon zaure take rataye.

Bayan la'asar yake sauko da ita. Falle ɗaya yake karantawa a rana, gaba da baya, ba ƙari. Sai kowa ya wanke hannu kafin ya zauna, ko da yake ba a barin kowa ya taɓa takardar. Wanda ya yi tari ya koma baya. Wanda ya taɓa jin labarin ya faɗa wa sabon zuwa ƙarshensa, kwana uku ba ya zama. Da yatsa yake bin layi, a hankali, wani lokaci ya tsaya ya haɗa baƙi yana motsa leɓe. In kalma ta gagare shi sai ya ce, "Wanga Bature ya sa shi, mu wuce." Amma in ya zo wurin magana, sai ya zama wani mutum. In kura ce, ya cusa haɓa cikin wuya. In tsohuwa ce, ya matse hanci. In ɓarawo ne, ya yi ƙasa da murya har sai mun matso mun taka juna. Yana kai ƙarshen layi na ƙarshe, ko a tsakiyar magana ne, sai ya ce, "Falle ya ƙare. Ku tashi ku ba ni iska."

Wata rana mai unguwa ya kawo gyaran takalmi. An gama tun tuni, amma ya tsaya yana ta jujjuya shi, kunnensa na wurin karatu. Da falle ya ƙare ya ce, "Haba, ƙara ɗaya mana, ai an zo wurin daɗin." Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe ka kawo ɗayan takalmin." Ya kuwa kawo.

Shekarar fari ina kamar ɗan shekara sha ɗaya. Ba na son maganarta. Mun ci dusa, mun ci tafasa ba gishiri. Mun binne ƙanana biyu daga gidan. Kawu ya sayar da keke, ya sayar da awaki, ya cire ƙofar ɗakinsa ta kwano ya kai kasuwa. Gafaka tana nan a bango. A shekarar ne ya karya dokarsa. Ranar da muka ga ya zaro falle biyu, mun san ba a ɗora tukunya ba. Akwai ranar da ya zaro huɗu. Muryarsa ta dushe, ya sha ruwa, ya ci gaba.

Labarin da ya karanta mana a lokacin na wani makiyayi ne da garinsu ya bushe. Ya bi saniyarsa cikin kogo, sai ya tarar da kasuwa a ƙarƙashin dutse, inda ake sayar da ruwan sama cikin ƙorai, kowace ƙwarya rufe da faifai. Wata ruwan shuka ne a ciki, wata ƙanƙara, wata ruwan da ke cinye gari. Ɗaya za a ba shi, kuma ba a ɗaga faifai. Mu dai mun yarda dutsenmu na Kwatarkwashi ne ake nufi. Ni da taubashina, babban ɗan Kawu, muka hau neman kogon, da yunwarmu, muka wuni. Da muka dawo Kawu ya zane mu da guntun fatar ƙirgi. Da ya gama, ya dubi hagu ya dubi dama, ya sunkuyo ya ce, "Kun gan shi?"

Ya yi ƙoƙarin koya mini baƙi. Kaina bai ɗauka ba, ko kuma ban so ba. Ji nake so, ba haɗawa ba. Ina shekara sha biyar na tafi Gusau. Na yi dako, na yi wankin mota, na bi mota, har na kama sitiyari.

Sau ɗaya na san gafakar ta bar gida yana raye. Na yi hatsari kusa da Tsafe, mutum uku suka mutu a motar, ni na yi wata biyu kwance a asibiti. Sai ga Kawu da gafaka a kafaɗa. Bai ce sannu ba. Ya ce, "Wa ya ce ka yi gudu?" Ya zauna bakin gado, ya zaro falle, ya fara karanta wa ƙato mai gemu labarin kura. Kafin ya kai rabi, duk ɗakin ya yi tsit. Wani mai karaya a ƙafa ya roƙi a turo gadonsa kusa. Kwana tara yana zuwa daga Kwatarkwashi yana komawa. Ranar da aka ce na fara takawa, bai sake zuwa ba.

Wannan mutumin na yi wa rashin kunya.

Shekarar da aka ba mu jiha ne. Ya zo Gusau a duba masa ido, ya sauka gidana. Da la'asar ya ga yarana uku sun zuba da gudu gidan maƙwabci, inda ake sa bidiyo. Da ɗiyata ta dawo ya kira ta, ya miƙa mata takardar da aka ba shi a asibiti, ya ce ta karanta wurin Hausar. Tana aji uku lokacin. Ta karanta ba gargada. Sai da safe, a tasha, gaban direbobi, ya tsayar da ni.

"Ɗiyarka ta iya karatu. Mi take karantawa?"

Na ce, "Na makaranta."

"Kai ka sha labari shekara tara ba a ce ka kawo ko ƙwayar gero ba. Ka bar naka suna leƙen tagar maƙwabta. Ka kawo min ita hutu. In karanta mata tun idona na gani. In ya rufe, ita ta karanta min."

Direbobi suka fara dariya. Wani ya ce, "A'a, ashe oga ɗan tatsuniya ne." Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, karatun nan mi ya tsinana maka? Ga ka nan har yau kana ɗinkin takalmi."

Ya dube ni. Ya ɗauki jakarsa. Na buɗe masa gaban motata, ya wuce ya shiga ta wani. Da na bi shi bakin taga, bai dube ni ba, ya ce, "Gafakar tata ce. Ba taka ba. Ka kawo ta ta karɓa da hannunta."

Shekara biyu ina wuce Kwatarkwashi sau biyu a rana. Ina aika goro. Da Sallah ina tsayawa in gaishe shi, ya amsa, mu yi maganar damina. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Kowane hutu sai in ce na gaba. Ba ni da uzuri, kuma ba na neman a nema mini.

Ranar ta'aziyya, da na fito daga wurin Inna, na ɗaga kai a zaure. Ƙusa ce kawai a bango. Na ja taubashina gefe. Tun muna yara yake kirana bawansa, ni ina kiransa rago, amma ranar babu wanda ya kira wani komai.

Na ce, "Ina gafaka?"

Ya ce, "Ta tahi Kucheri."

Ga yadda aka yi. Da safe, wurin addu'ar uku, akwai wani malami daga Kucheri da Kawu ya daɗe yana yi wa ɗinki, shi ya ja addu'a. Ƙanen Kawu, wanda muke kira Kawu Ƙarami, alhaji ne mai sayar da yadi a Tsafe, tun yana saurayi ya bar gida. Ya ɗaga kai ya ga gafaka, ya ce littattafan marigayi kada su zauna a bango ƙura ta ci, a ba Malam sadaka, ladan karatun ya riƙa isa kabari. Jama'a suka ce madalla. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a, ya rataya a kafaɗa. Babu wanda ya buɗe.

Na ce wa taubashina, "Kai kana ina?"

"Ina zaune."

"Ka san abin da ke ciki."

"Na sani."

"To?"

"To mi? Ka so in miƙe gaban malamai da mutanen gari uku in ce ubana tatsuniyar kura ya ɗinka wa gafaka? Ana ta cewa ashe marigayi yana taɓa ilimi a ɓoye. Ka so in tsiraita shi?"

Na ce, "Shi ya taɓa ɓoye ta?"

Can ya ce, "Kai da kake da baki, ina kake?"

Na koma kan tabarma.

Washegari na tsaya a Tsafe, na iske Kawu Ƙarami a shagonsa. Na gaya masa abin da ke cikin gafakar, da wadda aka ce tata ce. Ya ajiye almakashi.

"Wa ya ji ya faɗa?"

"Ni."

"Kai kaɗai. To ka ji. An yi sadaka gaban jama'a, an shafa fatiha. Ka taɓa jin an bi sadaka an karɓo? Kana so a ce gidanmu sun ba malami abu sun biyo shi? In ma za ka je, ka bari a yi arba'in, hankali ya kwanta. Takarda ce, ba ƙafa gare ta ba."

Ƙanen uwata ne. Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce kuskurena na biyu, kuma ta fi ta farko ci mini rai, don a ta farko fushi ne, a ta biyu ladabi ne.

Cikin kwanakin jira na shiga kasuwar Gusau wurin masu sayar da littattafai, ko zan samu irinsu. Na iske an baza ƙananan littattafai masu hoton 'yan mata a bango. Na ce da mai rumfar ina neman wani tsohon littafi.

"Sunansa?"

"Ban sani ba."

"Wa ya rubuta?"

"Ban sani ba. Kawuna ke karantawa. Akwai makiyayi da kasuwa ƙarƙashin dutse."

Ya ce, "Direba, ai wannan kamar in zo tasha ne in ce a kai ni garin nan mai bishiya." Ya miƙo mini wani ya ce wannan yana tashe, mata na rububinsa. Na ajiye masa. Rumfa huɗu na zagaya. Wani dattijo ya ce kamar ya taɓa ganin irinsa yana yaro, amma an daɗe da daina bugawa.

Kwana ɗaya bayan arba'in na ba wani motata, na tafi Kucheri da hantsi. Malam yana zaurensa, tsoho ne mai fara'a. Gafakar na gefensa a kan buzu, cike. Na ga haka sai na ji sanyi. Muka gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya. Na ce, "Allah gafarta Malam, ban zo karɓar sadaka ba. So nake in ga abin da ke ciki kawai."

Ya yi dariya har ya riƙe gemu. "Ai na yi ta jiran wani ya zo. Ranar da na dawo da ita, alwala na sake, na zauna, na yi bisimilla na buɗe. Falle na farko, sai ga hoton kura sanye da wando. Na ce Allah Ya jiƙan baduku, ya tsokane ni yana raye, ya tsokane ni ya mutu."

Ya buɗe gafakar. Littattafansa ne a ciki, na Larabci.

Na ce, "Takardun fa?"

Dariyar ta tsaya. Ya ce shi ba ya karanta boko. Ya kira wani malamin firamare ya duba masa ko akwai aya ko sunan Allah da za a kiyaye, malamin ya ɗan leƙa ya ce tatsuniya ce. Sai ya zuba su a kwando nan zaure. Sun yi sati biyu babu wanda ya zo. Mai ɗakinsa tana daddawar sayarwa, tana neman takardar ƙunshi. Ta aiko tambaya ko takardun na da amfani, ya ce ta ɗauka.

"Da ka zo da wuri, ɗana."

"An ce in jira arba'in."

"Wa ya ce? Ni da ka zo washegari ai da na ba ka. Mi zan yi da kura?"

Ya shiga gida da kansa. Na ji yana magana, na ji muryar mace tana cewa ita ba ta sani ba, ai an ce mata ba su da amfani. Ya fito da abin da ya rage a kan faifai. Bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ya ce in haɗa da gafakar. Na ce a'a, ita aka yi sadaka da ita a idon jama'a, ta zauna. Na naɗe takardun cikin rigata. Malam bai yi laifi ba. Babu wanda ya yi laifi. Kowa ladabi ya yi.

Littattafai uku ne a cakuɗe, babu lamba, duk suna warin daddawa. Ranar Juma'a ba na fita bayan masallaci. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na sa ɗiyata ta zauna. Na ce mata, "Naki ne. Kakanki ya bar miki." Ta riƙa ɗaukar falle tana karanta layin farko, ni ina cewa wannan na kura ne, wannan na ɓarawo ne, wannan yana gaban wancan. Juma'a uku muka yi. Ƙannenta biyu sukan zo su ɗan tsaya, su toshe hanci, in sun ji an kunna bidiyo a maƙwabta su zame.

Karatunta da sauri yake, murya ɗaya tun daga sama har ƙasa, kamar ana korar ta. Na ce, "Kura ba haka take magana ba."

Ta ce, "To yaya take yi, Baba?"

Na cusa haɓa cikin wuya. Na buɗe baki. Tari ya fito. Uwarta ta yi dariya daga madafa har ta ƙware.

Na makiyayi muka bari ƙarshe. An samu farkonsa kusan duka: bushewar gari, saniya, kogo, kasuwa. Da ta shiga kasuwar sai na ji ta rage gudu da kanta. Ta karanta har inda ya miƙa hannu zai taɓa ƙwarya. Ta juya falle, ta duba ƙasan tabarma.

"Ina sauran?"

Na ce, "Mutanen Kucheri sun kaɗa miya da abin da ke ciki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To kai ka faɗa mini. Ai ka sani."

Na sani. Na ji shi ya fi sau goma. Na ce, "Ya ɗauki wadda saniyar ta lasa. Ya fito. Ya buɗe. Aka yi ruwa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Me ya sa saniyar ta lashi wannan? Masu kasuwar sun bar shi ya tafi haka kawai? Wa ya tarye shi a gari?"

Wurin nan Kawu kwana shida yake yi a kansa. Akwai hawa, akwai wata tsohuwa, akwai inda muke riƙe numfashi. Ina ganin abin a kaina sarai, amma in na zo faɗa sai ya ƙanƙance ya koma magana huɗu. Na saba da "shiga", "sauka", "matsa ciki". Ba ni da kalmomin. Suna cikin takarda, ko cikin bakin Kawu. Yarinyar ta jera fallayen, ta daidaita gefensu, ta sa cikin jakar makarantarta.

Tun daga ranar, duk wucewa sai na tsaya Kucheri. Akwai wata tsohuwa a bakin hanya da ke sayar da daddawar matar Malam. Ina saye, ba don miya ba. Fasinja suna ƙorafi, wani ya ce ko an yi mini asiri da daddawa ne. Uwargida ta ce abin da na tara ya isa bikin gari guda. Ni dai in kwance ƙunshi, in miƙe takardar, in kawo wa ɗiyata, tunda ban iya bambancewa ba. Ta duba ta ce, "Jarida ce, Baba." Gobe ta ce, "Takardar jarrabawa ce." Jibi jarida.

Sau biyu aka dace. Ɗaya na ɓarawo ne. Ɗayan rabin falle ne, an yage shi a karkace, na makiyayi. Layi uku suka karantu. Tsohuwar kasuwa ce take aza masa ƙwaryar a kai, tana ce masa ya taka a hankali, shukar garinsu duka a kansa take. Shekara fiye da ashirin na manta da wannan maganar. Na ce ta sake karantawa. Ta sake. Na ce ta sake. A na uku ta matse hancinta, ba tare da na gaya mata ba. Na tashi na fita ƙofar gida.

Makon da ya wuce tsohuwar Kucheri ta ce mini in daina wahalar da kaina, waccan takardar ta ƙare tuni. Ta sayar a nan bakin hanya, ta sayar ranar kasuwa, mutanen ƙauyuka sun saya, na Tsafe sun saya, matafiya sun saya.

Allah Ya jiƙan Kawu. Ya yafe masa zafin ransa, Ya yafe mini bakina. Ya haskaka kabarinsa, Ya shayar da shi yadda ya shayar da mu lokacin da babu komai a gidan. Ya ba Inna da 'ya'yansa haƙurin rashi.

Saura roƙo ɗaya. Duk wanda ya sayi daddawa a Kucheri ko Tsafe cikin daminar da ta wuce, ya sa a duba masa madafa, cikin tukunyar ajiya da jikin danga inda mata ke soke takarda. Tsohuwa ce, ta yi ja, rubutun Hausa ne manya-manya. Kada a hura wuta da ita. A ba kowane direban layin Funtuwa a tashar Gusau, a ce a kai wa Mai Daddawa. Sunan da suka sa mini ke nan yanzu, kuma ina amsawa. Ko rabi ne, ko ya sha mai, a kawo. Yarinyar tana aji biyar. Ba ta daina tambayar sauran labarin ba tukuna, amma ta fara ragewa.